PS6 da sabuwar Xbox: nawa kuke ganin za su kai in sun iso Kano?

Abba_Gyadigyadi ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan. Ina da ɗan shagon gem a unguwarmu, duka PS4 (PlayStation 4 ta kamfanin Sony) ne a ciki, yara na zuwa buga ƙwallo bayan la'asar zuwa dare, alhamdulillahi ana samun na cefane. To kwanan nan samarin da suka ɗan tasa sun fara min surutu wai wani shago can bakin titi ya saka PS5, hoto ya fi fita, har wasu sun fara tsallake ni suna tafiya can. Na shiga adashe da niyyar in na ɗauka in sayo ko guda ɗaya ce, sai wani abokina ya ce min wai kar in kuskura, PS6 tana hanya, in na sayi PS5 yanzu tsohon yayi na saya, kuma wai ranar da sabuwar ta fito PS5 za ta faɗi warwas har yara su dinga saya da kuɗin barka da sallah.

Shi ne nake tambaya, nawa kuke ganin PS6 ɗin za ta kai, a dala da kuma in ta shigo nan? Kuma da gaske ne PS5 za ta yi arha ko kawai labarin majalisa ne? Bana son in zuba kuɗin adashena in zo ina da na sani.

Injiniya_Sadik ya rubuta:

Wa alaikumus salam Abba. Abokin naka ba ƙarya ya yi ba, amma labarin da ya ba ka na zamanin da ne. Bari in ɗan ja ka baya kaɗan.

PS2 ta fito a 2000 a kan dala 299, zuwa 2002 ta koma 199, zuwa 2009 har 99 aka sayar da ita sabuwa a kwali. PS3 ta fito 2006 da tsada, 499 da 599, mutane suka yi ta zagin Sony, zuwa 2009 siririyar ta fito a 299. PS4 ɗin da ke shagonka ta fito a Nuwamban 2013 a kan 399, a 2015 ta sauko 349, a 2016 siririyarta, wato silim, ta zo a 299. Ka ga kowa ya saba, ka yi haƙuri shekara biyu uku kaya ya sauko. To PS5 ita ce ta karya wannan al'adar. Ta fito Nuwamban 2020, mai cin faifai 499, marar faifai 399, maimakon ta sauka sai hawa ta dinga yi. A Agustan 2022 Sony suka ƙara kuɗi a Turai da Ingila da Japan da wasu wurare, a Agustan 2025 kuma suka ƙara dala 50 a Amurka kanta, mai faifai ta koma kusan 550, marar faifai 500. Injin da ya kusa shekara biyar a kasuwa fa. PS5 Pro ma da ta fito a ƙarshen 2024 dala 700 aka sa mata, babu wurin saka faifai, sai ka sayi wannan daban a kan kusan 80.

Microsoft masu Xbox ma haka, sun fi Sony rashin tausayi. Xbox Series X ta fara a 499, a 2025 kaɗai sau biyu suka ƙara mata, ta koma 600 a watan Mayu sannan 650 a Oktoba. Series S da aka yi ta don talaka a 299 ta koma 400.

Dalilin ba wai son kuɗi ne kaɗai ba duk da akwai shi. A da duk bayan ƴan shekaru ana samun hanyar ƙera cif ɗin ciki, wato ƙwaƙwalwar injin, ya ƙanƙance ya yi arha, shi ya sa ake iya fitar da silim a rage kuɗi. Yanzu ƙanƙantar da shi ba ya rage kuɗi kamar da, kuma AMD ne ke zana wa Sony da Microsoft duka, TSMC ta Taiwan ke ƙerawa, layi ɗaya suke bi da su Apple da Nvidia waɗanda suka fi su kuɗi a hannu. Ga harajin shigo da kaya da Trump ya ƙaƙaba a 2025. Sannan babban abin da ya fi ba ni tsoro shi ne RAM, wato ma'ajiyar da inji ke riƙe bayanai lokacin da yake aiki, kusan duk na duniya kamfanoni uku ne ke yin sa, Samsung da SK Hynix da Micron, kuma daga ƙarshen 2025 masu gina manyan cibiyoyin AI suka dinga kwashe shi har farashi ya yi tashin gwauron zabi. PS5 RAM giga 16 gare ta, wadda za ta gaje ta dole ta fi haka, to da wane kuɗin za a saka?

Hasashena ni kaɗai, ba wani ya faɗa min ba: da wuya ta zo ƙasa da 600, kuma in na ji 700 ba zan yi mamaki ba. Ni ina ganin PS5 Pro ɗin nan ma gwaji ce, sun ɗana su ga ko mutane za su iya biyan 700, kuma an biya. Maganar lokaci kuwa, duba tazarar, 2006, 2013, 2020, shekara bakwai bakwai, lissafi ya nuna wajen ƙarshen 2027, in matsalar RAM ba ta tura ta gaba ba.

Dan_Wapa ya rubuta:

Injiniya ka yi bayani amma duk a dala ka tsaya, mu kuma ba dala muke samu ba. Ni abin da nake gani kullum a wajen aiki shi ne matsalar ba a Tokiyo take ba, a nan take.

Lokacin da PS4 ta fito dala wajen naira 160 take, 399 ɗin nan bai kai dubu 65 ba, mafi ƙarancin albashi lokacin dubu 18, wato albashin wata uku da rabi. Lokacin PS5 a kasuwar bayan fage dala ta kai wajen 470, 499 ya zama kamar dubu 235, albashi dubu 30, kusan wata takwas kenan. Daga watan Yunin 2023 da aka saki naira kowa ya san abin da ya biyo baya, a 2024 dala ta haura naira 1,500. Tana hawa tana sauka amma mu ɗauki 1,500 don lissafi ya yi sauƙi, 700 ɗin Injiniya ya zama miliyan ɗaya da dubu hamsin, a kan albashin dubu 70 wata goma sha biyar cur ba ci ba sha. Kuma wannan farashin kanti ne a Amurka, ba a saka kuɗin jirgi ba, ba kwastan, ba ribar wanda ya ɗauko daga Dubai, ba ribar na Legas, ba ta mai shago a nan.

Sannan kun manta yadda aka yi a ƙarshen 2020 zuwa 2021? Turawa da kansu ba sa samun PS5 a kanti, ƴan sari sun kwashe suna sayarwa kusan ninki biyu a intanet. Kayan da ya yi ƙaranci a can ina ga nan. Duk wanda ya sayi PS6 a watannin farko a Kano ko dai ɗan gidan wane ne ko yana son a gani a Instagram. Ni dai ƙasa da miliyan ɗaya da rabi ban sa rai ba a farkon zuwanta, Allah ya sa in zama maƙaryaci.

Baba_Winin ya rubuta:

Abba ɗana, ni tun zamanin PS2 nake wannan sana'a, lokacin da ake layi a buga Winning Eleven a talabijin mai ƙusumbi, saboda haka bari in gaya ma gaskiya, PS6 ba taka ba ce. Ba zagi ba ne, ni ma ba tawa ba ce. Mu masu shago a garin nan kullum a bayan zamani muke da tsani ɗaya, kuma a nan ribar take. Lokacin da Turawa ke rububin PS3 mu PS2 muke ci da ita, da suka koma PS4 muka kwashi PS3 ɗinsu ta hannu, da suka koma PS5 muka cika shaguna da PS4. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne yaushe PS5 ta hannu za ta fara shigowa da yawa, ba nawa sabuwa za ta kai ba.

Kuma ka kwantar da hankalinka kan maganar tsohon yayi. Me yara ke bugawa a shagonka? Ƙwallo. EA, kamfanin da ke yin wasan ƙwallon, ba sa barin tsohon inji da wuri don sun san inda kuɗinsu yake. FIFA 14 ta fito a PS2 a 2013, shekara goma sha uku bayan fitowar injin. PS3 ta samu har FIFA 19 a 2018, PS4 na da shekara biyar a kasuwa lokacin. FC 26, magajiyar FIFA, da ta fito a 2025 ma akwai ta a PS4 ɗinka. To in ka sayi PS5 yau, ko gobe da safe PS6 ta fito, kana da shekaru masu yawa kana samun sabuwar ƙwallo a kanta.

Amma kafin ka saya zauna ka yi lissafin da samarin nan masu surutu ba za su yi maka ba. Hannun PS4, wato abin da ake riƙewa a buga wasa, ba ya buga wasannin PS5, dole sai nata, kuma kowane ɗaya ya haura dala 70 sabo, ka san yadda yaranmu ke murza analog, ɗan sandan juya ɗan wasa, kamar suna da gaba da shi, wata kaɗan ɗan wasa ya fara tafiya shi kaɗai a fili ba wanda ya taɓa. Wuta kuma, PS5 tana jan wajen wat 200 in ana wasa, ta fi silim ɗin PS4 nesa ba kusa ba, in da janareta kake ko sola za ka ji a jikinka, balle yanzu da man fetur ya zama abin da ya zama tun cire tallafi. In ka haɗa ta da tsohuwar talabijin ɗinka kuma kyan hoton da ake magana ba za a gan shi sosai ba, sai ka sake talabijin. Ga zafin Kano a watan Afrilu da ƙurar hunturu, injin nan yana son iska, in shagonka rufin kwano ne ba silin ka tanadi fanka ta musamman saboda ita.

Duk wannan kuɗin daga ina zai fito? Daga yaron da ya zo da ɗari biyu a aljihu. In ka ninka kuɗin wasa a kan PS5 mutum nawa ne za su biya kullum, ba ranar farko da ake ɗoki ba? Ni shawarata guda ɗaya tak ka saya, ka sa ta a gaba inda mai wucewa zai hango, kuɗinta daban, sauran PS4 su ci gaba da aikinsu.

Zee_Nassarawa ta rubuta:

Sannunku. Baba Allah ya ƙara girma, maganarka ta masu shago haka take, amma akwai abu ɗaya da ke damuna a cikin lissafin ta hannu ɗin nan kuma ban ga wanda ya taɓo shi ba. Faifai.

Duk wannan cin arha da muke yi a bayan Turawa ya tsaya ne a kan abu biyu, inji na hannu da faifai na hannu, ka saya ka buga ka kai Farm Centre ko Beirut ka yi musanya ka cika kuɗi kaɗan. To kamfanonin nan sun gaji da wannan, don ba sa samun ko sisi a kai, amma duk wasan da aka saya a shagonsu na intanet suna yankar kusan kashi 30 cikin 100. Shi ya sa Series S ba ta da wurin faifai sam, PS5 Pro ma sai ka saya daban. Ni ina ganin mai zuwa haka za ta zo, a sa mata farashin da zai yi daɗin faɗa a talla sannan a ce in kana son faifai ƙara kuɗi. Mu kuma Najeriya ko a jerin ƙasashen PSN, tsarin intanet na PlayStation, ba ma ciki, kowa da adireshin Amurka ko Ingila ya buɗe akawun, sai ka nemi mai sayar da katin gif ka biya shi da tsada, sannan ka sauke wasan da wani ya haura giga 100 da datar da ka saya da guminka, wuta ta ɗauke a tsakiya ka zauna kana kallon silin. Wasa ɗaya dala 70, Nintendo ma sun buɗe ƙofar 80 da Mario Kart World.

Kuma Injiniya ni ban yarda dole sai 700 ba. Switch 2 ta Nintendo ta fito Yunin 2025 a kan dala 450 an yi rububinta, a Japan ma har wata suka yi mai harshen Japananci kaɗai a kan yen 49,980 saboda kuɗinsu ya faɗi su ma. Wato in kamfani ya ga dama yana iya sassautawa inda yake son kasuwa. Sony kuma ba su manta da wahalar da suka sha da 599 a 2006 ba, kuma sun san da ratar dala 100 suka kayar da Xbox One a 2013. Ni na fi zaton 600, su ɗauki asara a kan injin su fanshe a wasanni da PS Plus, tsarinsu na biyan kuɗin wata-wata, kamar yadda suka saba.

Injiniya_Sadik ya rubuta:

Hajiya Zee maganar faifai kin yi gaskiya ɗari bisa ɗari, ita ce ma ta fi shafar mu. Amma kan 600 ɗin, a 2013 Sony na da abokin gaba da suke tsoro, yanzu wa suke tsoro? Microsoft da kansu suke kai wasanninsu PS5, Forza Horizon 5 da Gears duk sun je, kuma ƙaramin injin da ake riƙewa a hannu da suka yi da kamfanin Asus, ROG Xbox Ally X, dala dubu aka sa masa. Wannan ba alamar mai shirin yaƙin farashi ba ce, ni ina ganin Xbox mai zuwa kwamfuta ce kawai za a sa wa suna, kuma za ta fi PS6 tsada. In ba mai karya maka farashi a kasuwa me zai sa ka ɗauki asara? Switch 2 kuma ai daga 300 ta tashi zuwa 450, ƙarin rabi kenan, yi wa 499 irin wannan ƙarin ki ga inda za ki tsaya.

Game Pass ɗin ma, tsarin Xbox na biyan kuɗin wata a buga wasanni, da ake cewa shi ne mafitar talaka, babban ya kai dala 30 a wata a Oktoban 2025.

Dan_Wapa ya rubuta:

Ku dai kuna ta faɗa a kan dala ɗari, mu a nan rana ɗaya in kasuwa ta rikice sai ta cinye wannan bambancin. Abba in ka ɗauki adashen nan kar ka ajiye shi a naira kana jiran 2027, ko ka sayi kayan ko ka san yadda za ka yi da shi.

Abba_Gyadigyadi ya rubuta:

Kai, na gode ƙwarai wallahi, Allah ya saka da alheri, ban taɓa kawo maganar hannu da talabijin a lissafi ba sai da Baba ya faɗa. Amma har yanzu ba ku ba ni amsa ɗaya ba, in PS6 ɗin ta fito, ta hannun PS5 za ta sauko ko ba za ta sauko ba? Don in za ta sauko sosai zan iya lallaɓa samarin nan shekara ɗaya ko biyu.

Baba_Winin ya rubuta:

Za ta sauko amma ba warwas ɗin abokinka ba. Farashin ta hannu yana bin na sabuwa ne, da PS4 sabuwa ta koma 299 shi ya sa ta hannu ta zube, yanzu kuwa sabuwar PS5 hawa take, to mai sayar da tsohuwarsa a Landan shi ma yana duba kanti kafin ya yanka kuɗi. Kuma in PS6 ta yi tsada irin yadda Injiniya ke faɗa mutane da yawa a can ba za su saki tasu ba, za su riƙe ta, kayan da zai shigo mana ya ragu kenan.

Sannan kar ka manta da wasan GTA 6, a PS5 da Xbox Series kaɗai aka sanar za ta fito, babu PS4. Duk wanda ya ƙi sayen PS5 shekarun nan saboda ita zai saya, nan da can, kuma ƴan kasuwarmu ba sa barci. In za ka saya ka riga wannan rububin.

Ka nemi mai cin faifai ko da ta fi tsada. Ka je da wanda ya san inji, a kunna a gabanka a saka wasa mai nauyi ta yi kamar rabin awa ka ji ƙarar fanka, ka duba ko an taɓa kwance ta, ka gwada ramin HDMI, inda ake jona ta da talabijin, da waya biyu, ka shiga intanet da ita a nan shagon don wasu an toshe su daga PSN kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Hannu kuma ka buɗe wasan ƙwallo ka ajiye shi a tebur ka ga ko ɗan wasa zai motsa.

Zee_Nassarawa ta rubuta:

Ka kuma tambaya ko wasannin da ke ciki na akawun ɗin wani ne, don ana cika inji da wasanni a ƙara kuɗi, ka kai gida bayan sati mai akawun ya canza faswod duk su kulle. In ka samu mai kyau ka faɗa mana nawa ka saya, ƙanina ma nema yake.